Dakta Rabi da Hannuwan Maman Obinna

Bayan azahar ne ranar wata Talata, ina ɗakin gwaje-gwaje na ƙaramin asibitinmu da ke Fagge, wayata ta yi ƙara. Hindatu ce, babbar 'yar Dakta Rabi. Na ɗauka ina shirin tsokanarta kamar yadda na saba, sai na ji muryarta ba daidai ba. Ta ce, "Anti Zulai, Umma ta cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na nemi kujera na zauna, safar roba a hannuna na ma kasa cire ta. Mun san ba ta da lafiya, zuciya ta daɗe tana ba ta wahala. Amma ko a makon da ya gabata sai da ta kira ni daga kan gado ta yi mini faɗa a kan firjin da muke ajiye sinadaran gwaji, kuma mai ƙarfin faɗa irin wannan ba ka kawo masa tafiya kusa. Kafin magariba an kai ta makwancinta.

Ni ma'aikaciyar gwajin jini ce. Na shiga hannun Hajiya Rabi'atu ina budurwa, ga shi ta bar ni har na aurar da 'ya. 'Yan'uwa sun ce in rubuta wani abu a kanta, na kuma yarda, amma ina neman afuwar masu makoki idan suka ga dariya ta fi kuka yawa a ciki. Na yi kukana, ina kuma kan yi. Sai dai duk wanda ya zauna da ita ya san ba ta son a ɗaure fuska a gabanta. Ko mara lafiya ne ya shigo yana ɓata rai, ba ta fara duba shi sai ta ga haƙoransa.

'Yar gidan malamai ce daga cikin gari, mahaifinta alƙali ne. Gajeriya ce mai saurin tafiya, tabarau a saman hanci, jakarta kullum da dabino da take raba wa wanda aka ɗebi jininsa. Tana duba kowace irin cuta, amma abin da aka san ta da shi daga Fagge har Sabon Gari shi ne ciwon gaɓɓai, musamman irin amosanin nan da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa gaɓɓansa. Yakan fara daga yatsu da wuyan hannu, hagu da dama, kuma mata ya fi kamawa. In an bar shi ya daɗe babu magani, sai ya lanƙwasa yatsun, ba kuma sa sake miƙewa.

A nan ne aikina ya haɗu da nata. Akwai wani abu da muke nema a cikin jini, ana ce masa rumatoyid fakta, mu a wurin aiki RF kawai muke cewa. Wani nau'i ne na sojojin garkuwar jiki da ya ruɗe, maimakon ya kama ƙwayar cuta sai ya riƙa kama 'yan'uwansa. Gwajinsa ba wuya. Zan ɗiga ruwan jinin a kan wani baƙin kati, in ƙara farin sinadari, in riƙa jujjuya katin a hankali. In yana nan, sai ka ga abin ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. In babu, sai ya zauna sumul. Farkon zuwana ina ji da wannan kati ƙwarai, gani nake ni ke yanke wa mutum hukunci. Ita ce ta zaunar da ni ta ce, "Zulai, jini shaida ɗaya ne. Babana ya tsufa yana shari'a, bai taɓa yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba." Ta bayyana mini cewa ana samun wannan abu a jinin wasu tsofaffi masu ƙoshin lafiya, ana samun sa a jikin mai ciwon hanta ko tarin fuka, sannan akwai masu cutar sosai da ba a ganin sa a jininsu ko kaɗan.

Mutanenmu kuwa sun fi yarda da gwaji fiye da jikinsu. Ba na manta wani Alhaji, dillalin atamfa a kasuwar Fagge. Maƙwabcin shagonsa ya yi gwajin, sai duk 'yan layin suka ɗunguma su ma a gwada su, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Nasa ya nuna akwai. Kafin ya iso wurinmu har ya sayi sanda mai kan azurfa, ya fara ɗingishi, ya kuma sanar da iyalinsa cewa ya daina hawa bene. Dakta ta duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye shi ina ke ciwo. Ya yi tunani ya ce, "To, Hajiya, bai dai fara ba tukuna." Ta sa na gwada hantarsa, aka duba ƙirjinsa, komai lafiya lau. Ta ce, "Alhaji, jininka ya yi magana, amma gaɓɓanka sun ƙaryata shi. Ka koma kasuwa. Ranar da ka tashi da safe ka kasa ɓalle maɓallin riga, ka zo." Da murna ya fita har ya manta sandar. Tana nan bayan ƙofar ofis, da ita muke jawo labule.

Maganar safiya da ta yi masa ba banza ba ce, domin ita ce asalin wata ɗabi'a tata da ba na jin akwai likitan da ke yin ta a garin nan. Cutar da safe take nuna kanta. Mutum ya farka yatsunsa a sandare, sai rana ta ɗaga sosai su fara saki. Marasa lafiyarmu kuwa ba sa isowa asibiti sai sun sallami yara, sun ɗora girki, sun sha jijjiga a adaidaita sahu cikin cunkoson Titin Ibrahim Taiwo. Kafin su zauna gabanta hannun ya sake, sai su ce, "Yanzu kam da sauƙi." Saboda haka in ta yi shakka a kan wani, sai ta ce, "Gobe ina nan tafe gidanku, kada a taimaka miki da komai sai na zo." Bayan sallar asuba sai ta biyo ta ɗauke ni.

To, kowa ya san abin da sallamar sassafe ke nufi a wurinmu. Zuwanmu na farko wani gida a Rijiyar Lemo, matar ta manta ba ta faɗa wa kowa ba. Maigidan ya fito da carbi a hannu, ya ga mata biyu a tsaye bakin zaure gari bai gama wayewa ba, sai ya dafe bango ya ce, "Wa ya rasu?" Daga ciki har wata tsohuwa ta fara salati. Dakta ta ce, "Baba, babu wanda ya rasu. Yatsun Inna na zo gani." Ya daɗe yana kallonta kafin ya ba mu hanya. A ciki ba ta fito da wani kayan aiki ba. Cewa ta yi matar ta buɗe filas, ta matse tsumma, ta ɗaure zane, ta zare zobe, ita kuma tana zaune a tabarma tana kallo. Sannan ta kama yatsun a hankali tana latsa kowace gaɓa. Mun sha koko da ƙosai a gidajen mutane har ban san iyaka ba. Da aka saba da mu, in aka ji sallama da duku-duku a unguwar, sai ka ji ana cewa a kwantar da hankali, Dakta Rabi ce.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Maman Obinna, domin bai ƙare ba sai bayan rasuwar Dakta.

Maman Obinna tela ce a Sabon Gari. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma ita a nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan aka binne mijinta. Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ke ɗinka wa matan cocinsu anko, amaren Fagge ma suna kai mata, don an ce in ta yanka riga ba a komawa gyara. Sai hannuwanta suka fara kumbura, ta kai ba ta iya riƙe almakashi. An gwada jininta a wasu wurare an ce babu komai, tsufa ne da gajiya. Ɗanta Obinna, mai sayar da kayan gyaran mota a Anaca, ya zo ya ce tunda gajiya ce, ta rufe shago ta bi shi gida ta huta.

Da kanta ta zo ɗakin gwajina, ta miƙo hannu ta ce, "'Yata, ki dubi Allah ki samo mini cutar nan a jini. In ba ki samo ba, yaron nan kwashe ni zai yi." Ban taɓa ganin mai roƙon a samu cuta a jikinsa ba sai ranar. Na ɗiga, na jujjuya katin, na ƙara haske, na sake jujjuyawa. Sumul yake. Raina bai so ba, na je na faɗa wa Dakta. Ta ce, "To, shaida ɗaya ya yi shiru. Gobe mu je mu ji ta bakin sauran."

Washegari muka ƙwanƙwasa ƙofarsu a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa, maƙwabta na leƙe ta taga suna mamakin mata biyu da hijabi a wannan lokaci. Obinna ne ya buɗe, da singileti, idonsa da barci. Uwar na zaune bakin gado, hannuwa a kan cinya kamar ba nata ba. Dakta ta ɗauko almakashi daga kan keken ɗinki ta ajiye mata, ta ce ta ɗauka. Ta yi, ta yi, yatsun suka ƙi shiga kunnen almakashin. Dakta ta latsa gaɓoɓin, ta kira ɗan ta ce ya taɓa ya ji ɗumi da kumburin da kansa.

Obinna yaro ne mai ladabi, a Sabon Gari ya tashi, Hausarsa garau. Ya ce, "Hajiya, ba musu nake da ke ba, amma duk inda aka gwada an ce babu."

Ta ce, "Ɗana, gwajin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Akwai masu cutar nan da jininsu ba ya nunawa. Mahaifiyarka ba gajiya ke damun ta ba. In ka kai ta ta zauna tana hutawa babu magani, yatsun nan lanƙwashewa za su yi."

Ya ce ko da hakan ne, gara tana kusa da shi a gida.

Uwar ta ɗago kai ta ce, "Wane gidan? Nan aka binne cibiyata. In na je can, wa zan yi gulma da shi da Hausa?"

Dakta ta yi dariya har da cire tabarau. Sannan ta ce wa Obinna ya ba ta lokaci zuwa bikin Ista. In lokacin ya yi uwar ba ta iya yanka yadi ba, ita da kanta za ta raka su tasha. Damina na ƙarewa a lokacin. Ya amince, ba don ya gamsu ba.

Aka ɗauki hoton hannun, aka aika jininta wani babban ɗakin gwaji don a nemi wata alama ta daban, aka fara magani. Akwai ƙwayar da ake ba masu cutar nan wadda sau ɗaya tak ake sha a mako, in aka sha ta kullum tana iya kisa. Dakta ba ta yarda da rubutun jikin kwali ba, ta san mutanenta. Sai ta ɗaura wa kowa a kan ranar ibadarsa. Musulmi ta ce masa Juma'a bayan an sauko, Kirista ta ce Lahadi bayan an tashi daga coci. Takan ce, "Kowa na iya manta Laraba, amma ba mai manta ranar da yake sa sababbin kaya." Ni kuma duk wata nake ɗibar jinin Maman Obinna in duba ko maganin bai taɓa hanta ko jini ba.

Maganin ba ya gaggawa. Makonni suka shuɗe tana zuwa tana mita. Wata rana ta ce, "Hajiya, ƙwayarki ƙarama ce kamar ƙwayar gero, anya ta san hanyar yatsa?" Dakta ta ce, "Ta sani, a ƙafa take tafiya." A hankali kumburin ya fara saɓewa. Ta dawo tana zura zare a allura, tana taka keke tana yin ƙananan gyare-gyare. Amma almakashi ta ɓoye shi a ƙasan akwati, wata maƙwabciyarta ke yi mata yanka. Ta faɗa mini a asirce cewa tsoro take ji. In ba ta gwada ba, tana da sauran fata, in ta gwada ta kasa kuwa shi ke nan.

Ana cikin haka jikin Dakta ya tsananta. Ta miƙa marasa lafiyarta ga wata likita da ta koyar, ta kwanta a gida. Zuwana na ƙarshe, bayan mun gaisa, abin da ta fara tambaya shi ne, "Ta fara yanka?" Na ce tukuna. Ta ce, "Kada ki matsa mata. Hannun ya warke, zuciyar ce ba ta ji labari ba."

Washegarin jana'iza gidan ya cika ya batse. Lokacin zafi ne, Ista saura kaɗan. An kafa wa maza rumfuna a waje wurin maigidanta Malam Sa'idu, mata kuwa mun cika tsakar gida, rana na dukan mu, kowa na fifita da gefen mayafi. 'Yan kasuwar atamfa, waɗanda da yawansu ta duba iyayensu mata, suka aiko da bandir ɗin yadi mai kauri a yi mana inuwa da shi.

A daidai lokacin Maman Obinna ta shigo da ɗanta, wanda ya riga ya iso Kano don bikin Ista. Ya yi wa maza ta'aziyya a waje, aka shigo da shi ya gaida 'ya'yan marigayiya. Da ya gan ni sai ya matso ya rage murya ya ce, "Anti Zulai, ki yi haƙuri. Amma yanzu da Hajiya ba ta nan, ba ni da wanda zan bar wa Mama. Bayan Ista tare za mu tafi." Haushi ya kama ni, ba nasa ba, don gaskiyarsa ce, bai ga abin da aka yi masa alkawari ba. Na ji kamar an ƙara mini wata rasuwar.

Can gefe Hindatu da wasu mata sun warware yadin suna ƙoƙarin raba shi. Wata ta kawo wuƙar kicin tana gurzawa, yadin na tafiya a karkace, zare na zazzarewa. Maman Obinna na zaune tana share hawaye, amma idonta na kan wuƙar. Ta kau da kai, ta sake dubawa. Da abin ya ishe ta sai ta miƙe ta ce, "Haba 'yan nan, wa ya koya muku yanka yadi da wuƙa? Za ku ɓata kayan mutane. Babu almakashi a gidan nan?"

Aka aro wani babba a maƙwabta. Ta karɓa ba tare da ta tsaya tunani ba, ta ce, "Obinna, riƙe can. Ja sosai, kada ya yi sako-sako." Ya riƙe. Ta zura yatsu ta fara yanka, tana tafiya tana faɗan yadda aka ɓata bakin yadin, har ta dangana da inda yake tsaye. Ta sa aka sake warwarewa ta yanka na biyu, ta yanka na uku. Ta kama kusurwoyin ta ƙulla musu igiya da hannunta, aka ɗaure a ƙarfen taga da reshen darbejiya. Inuwa ta sauka a tsakar gidan, mata suka gyara zama suna yi mata sannu.

Sai a lokacin ta lura da abin da ke hannunta. Ta tsaya tana kallon almakashin, ta buɗe shi ta rufe. Ta juyo ta dube ni, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, tana cewa, "Hajiya ba ta gani ba." Ni ma ban iya riƙe kaina ba. Matan da ba su san labarin ba suka yi ta ba mu haƙuri.

Obinna na tsaye da guntun yadi a hannu. Sannan ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Anti, gwajin jinin nan na wata-wata, ke za ki ci gaba da yi mata?"

Na ce ni ce, kuma likitar da Dakta ta bari tana nan.

Ya ce, "To." Ya juya ga uwarsa ya ce, "Mama, tashi. In na koma zan aiko miki da sabon almakashi."

Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Nawa lafiyarsa ƙalau. Ka dai riƙa kiran waya."

Shagonta a buɗe yake yanzu haka. Wanda ya bi ta layin da hantsi zai same ta a kan tebur tana yanka, tana yi wa masu kawo ɗinki tsiya.

Ya Allah, ga baiwarka Rabi'atu ta zo gare ka, kai ne mafi sanin ta. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Duk hannun da ta yi sanadin warkewarsa, ka sa aikin alherin da zai yi ya zama nauyi a mizaninta. Ka ba Malam Sa'idu haƙuri da juriya, ka raya Hindatu da ƙannenta a kan tarbiyyar da ta bar musu, ka zama gatansu. Marasa lafiyar da ta bari ka ba su sauƙi, mu da ta koyar ka ba mu ikon riƙe amana. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Kuma kamar yadda muka zauna a inuwa a tsakar gidanta ranar nan albarkacin aikinta, ka sanya ta a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai taka. Amin.